Babi na Huɗu: Daga Ina Raunin Mazakuta Yake Tasowa?

Raunin mazakuta, wanda jama'a suka fi kira rashin ƙarfin maza, shi ne kasawar azzakari ya miƙe, ko kuma ya miƙe amma ya kwanta tun ba a kai ga biyan buƙatar saduwar aure ba, kuma wannan ita ce ma'anar da likitoci suka tsaya a kanta tun bayan taron ƙwararru da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta shirya a shekarar 1992. Ba a ɗaukar abin a matsayin larura sai ya riƙa maimaituwa har ya kai kamar wata uku, domin kasawar dare ɗaya ko biyu saboda gajiya, ko zazzaɓi, ko ɓacin rai, abu ne da zai yi wuya a sami magidancin da bai taɓa gamuwa da shi ba. Wajibi ne kuma a raba shi da wasu larurori uku da ake yawan cakuɗa su da shi a bakin mutane, wato saurin inzali, inda gaba take miƙewa sarai amma maniyyi ya fita tun lokaci bai yi ba, da mutuwar sha'awa, inda zuciyar ce ba ta nema, da kuma rashin haihuwa, wanda yakan sami namijin da ba shi da wata matsala a shimfiɗa. Kowace daga cikinsu da nata dalili da nata magani, kuma haɗa su a kwalba ɗaya shi ne babban jarin masu tallar magani a tasha.

Shari'a ta daɗe da sanin wannan larura, domin a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mijin da ya kasa kusantar matarsa akan ba shi wa'adin shekara guda, in bai sami sauƙi ba sai matar ta zaɓi zama ko rabuwa. Ƙidayar masu fama da ita ce ta zo daga baya. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an gudanar da shi ne a garuruwan da ke kewaye da birnin Boston na Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 1994, kuma ya nuna cewa cikin maza 1,290 masu shekara 40 zuwa 70, kashi 52 cikin 100 suna da wani mataki na raunin, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, sannan yawan waɗanda abin ya mutu musu gaba ɗaya ya tashi daga kashi 5 a shekara 40 zuwa kashi 15 a shekara 70. Mai karatu cikin gaggawa zai ce ai shi ke nan, tsufa ne, amma binciken da kansa ya nuna cewa raunin ya fi taruwa ne a wurin masu ciwon zuciya, da ciwon suga, da hawan jini, wato cututtukan da shekaru suke tarawa a jiki, kuma akwai dattawa masu lafiya da suka haura 70 ba su san shi ba. A ɗaya gefen kuma, wani asibiti a birnin Milan na Italiya ya ba da rahoto a 2013 cewa ɗaya cikin kowane mutum huɗu da suka zo da wannan koke bai wuce shekara 40 ba.

Har zuwa shekarun 1970, ra'ayin da ya rinjaya tsakanin likitocin Turai da Amurka shi ne cewa mafi yawan masu wannan larura jikinsu ƙalau yake, matsalar a cikin tunaninsu take, saboda haka akan tura su wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Wannan ra'ayi ya fara rushewa a 1982, lokacin da wani likitan tiyatar jijiyoyin jini a Faransa, Ronald Virag, ya ba da rahoton cewa allurar wani magani mai suna papaverine, wanda aikinsa shi ne sassauta tsokar da ke jikin jijiyoyin jini, tana miƙar da azzakari ko da babu sha'awa ko kaɗan. Daga nan hankalin masu bincike ya koma kan jini da hanyoyinsa, har aka gano cewa wata iska mai suna naitirik oksaid, wadda jiki yake ƙerawa da kansa, ita ce take ba jijiyoyin jini umarnin buɗewa. A 1998 aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel saboda wannan ganowa, kuma a watan Maris na wannan shekarar ce hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Viagra, maganin da kamfanin Pfizer ya fara gwadawa a Ingila don ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya, kafin mazan da aka gwada shi a kansu su ba da labarin wani aikin da yake yi daban.

Ba za a fahimci dalilan raunin ba sai an san yadda miƙewar take faruwa. Azzakarin ɗan Adam ba shi da ƙashi, abin da ke cikinsa wasu dogayen nama ne guda biyu a jere, kowane cike da ƙananan ramuka waɗanda siraran tsoka suka kewaye, an kuma naɗe su da wata fata mai tauri wadda ba ta talewa sosai. A yawancin lokaci waɗannan tsoka a ɗaure suke, jini kaɗan ne yake shiga, gwargwadon abin da zai raya naman. Idan sha'awa ta motsa, ta hanyar gani ko tunani ko taɓawa, sai saƙo ya sauko daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka, wato igiyar jijiyoyin saƙo da ke cikin ƙashin baya, ya fita ta can ƙasan gadon baya, ya bi wasu siraran jijiyoyi da suka ratsa gefen furostet, wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, har ya isa. A nan bakin jijiyoyin saƙon da shimfiɗar da ke cikin jijiyoyin jini sukan saki naitirik oksaid, ita kuma ta sa a samar da wani sinadari da ake kira cGMP, wanda yake sa tsokar ta saki. Da ta saki sai jini ya kwararo, ramukan su cika su kumbura, su danne hanyoyin da jini yake bi ya fita a jikin fatar nan mai tauri, kamar dai yadda tiyub yake cika da iska ya tokare taya har ta yi ƙarfi. Bayan inzali wani sinadarin mai suna PDE5 yakan rusa cGMP, tsoka ta sake ɗaurewa, jini ya koma.

Abubuwa biyu ne suka cancanci a riƙe daga wannan bayani. Na farko, miƙewa aikin sakin tsoka ne, saboda haka duk abin da yake ɗaure jiki, kamar tsoro da fargaba, abokin gabanta ne. Na biyu, jiki mai lafiya yakan yi wannan aiki da kansa sau uku zuwa biyar a kowane dare, a lokacin barcin da ake mafarki a cikinsa, kuma miƙewar da namiji yake farkawa da ita da asuba ita ce ta ƙarshe a jerin, abin da ya sa ta zama shaida mai daraja a wurin likita, kamar yadda za a gani a gaba.

Babban dalili a wurin mazan da suka haura shekara 40 shi ne lalacewar jijiyoyin jini. Tun kafin kitse ya fara daskarewa a bangon jijiya ya ƙuntata ta, shimfiɗar cikinta ce take fara gajiya, ta rage yawan naitirik oksaid ɗin da take saki, don haka jijiyar ba ta buɗewa yadda ya kamata ko da an umarce ta. Wannan lalacewa ba ta zaɓar wuri, tana tafiya ne a dukkan jiki a lokaci guda, sai dai alamarta takan fara bayyana inda hanya ta fi ƙanƙanta. Jijiyoyin da ke kai jini azzakari faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya milimita 3 zuwa 4, waɗanda suke hawa ta wuya zuwa ƙwaƙwalwa kuma milimita 5 zuwa 7, saboda haka daskararren kitsen da bai isa ya dami zuciya ba ya isa ya rage wa gaba rabonta. Likitocin zuciya sun lura cewa a wurin maza da yawa raunin mazakuta yakan riga ciwon ƙirji bayyana da shekara 2 zuwa 5, kuma wannan ita ce magana mafi nauyi a cikin wannan babi, domin tana nufin magidanci ɗan shekara 50 da ya ga ƙarfinsa yana raguwa sannu a hankali ya sami gargaɗi da wuri game da zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa, a lokacin da har yanzu ana iya yin wani abu. Abin takaici shi ne kunya da tallar magani sukan cinye waɗannan shekarun, mutum ya ƙare su yana sayen gari da tsimi, ba a taɓa ɗaura masa abin awon jini a hannu ba.

Ciwon suga ne kan gaba wajen yin wannan ɓarna, saboda yana kai hari ta fuska fiye da ɗaya: yawan suga a jini yana ƙona shimfiɗar jijiyoyin jini, yana kashe siraran jijiyoyin saƙo, yana taurara tsokar da ya kamata ta saki, sannan sau da yawa yana tafe da ƙiba da ƙarancin sinadarin maza. Wani nazari da ya tattara sakamakon bincike 145 aka buga shi a 2017 ya gano cewa fiye da rabin maza masu ciwon suga suna da raunin, kuma an daɗe da sanin cewa yakan same su shekara 10 zuwa 15 kafin sa'o'insu. Da yawa ba su san suna ɗauke da ciwon ba sai ranar da wannan koke ya kai su asibiti, inda tambaya kaɗan takan tono cewa sun daɗe suna tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ƙishirwa ba ta sakinsu, suna ramewa ba dalili, tafin ƙafa kuma yana yi musu zafi ko ya riƙa mutuwa. Maganar da ake yi a majalisa cewa zaƙi yana kashe namiji tana da ƙamshin gaskiya ta wannan fuska, musamman a zamanin lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na sukari, amma an ɗora mata kuskure biyu. Ɗaya shi ne mantawa cewa tuwo da shinkafa da burodi su ma suga suke komawa a cikin jini, ɗayan kuma shi ne zaton cewa shan abu mai ɗaci yana wanke zaƙin da ya taru, alhali ɗacin harshe ba shi da hulɗa da awon da na'ura take nunawa.

Hawan jini kuwa matsalarsa ninki biyu ce, domin shi kansa yana taurara jijiyoyi, sannan wasu daga cikin tsofaffin magungunansa, waɗanda suka fi araha kuma suka fi yawa a kemis, suna iya ƙara raunin. Daga cikinsu akwai masu sa fitsari irin su hydrochlorothiazide da bendroflumethiazide, da masu rage gudun zuciya irin su propranolol da atenolol, da kuma methyldopa. Abin da yakan faru sananne ne ga duk wanda ya zauna a ɗakin ganin masu hawan jini: magidanci ya fara shan magani, bayan 'yan makonni ya ga canji a shimfiɗa, bai faɗa wa kowa ba sai ya ajiye ƙwayoyin a saman sif, ranar dawowa asibiti kuma ya ce yana sha, likita ya ga awo bai sauka ba ya ƙara masa wani. Ƙarshen wannan ɓoye-ɓoye yakan zama shanyewar ɓarin jiki, alhali da an yi magana da an sauya masa zuwa irin su losartan ko lisinopril ko amlodipine, waɗanda ba su cika taɓa wannan ɓangare ba. Akwai wasu magungunan da suke da irin wannan illa, kamar na ciwon damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline, da na taɓin hankali irin su haloperidol da risperidone, da cimetidine na gyambon ciki, da finasteride na kumburin furostet, kuma ƙa'ida a kansu duka ɗaya ce, wato a gaya wa wanda ya rubuta maganin, kada a yanke shi da kai.

Taba sigari tana ɗaure jijiyoyin jini a take, tana kuma lalata shimfiɗarsu a tsawon shekaru, kuma shisha ba ta fi ta sauƙi ba. Giya mai yawa tana dakushe saƙon jijiyoyi a daren da aka sha ta, in an ɗore kuma ta taɓa hanta da maraina. Ƙiba, musamman teɓar da ake yi wa kallon alamar hutu, tana jawo suga da hawan jini, kuma kitsen da kansa yana juya wani kaso na sinadarin maza ya koma na mata. A nan akwai labari mai daɗi, domin wani gwaji da aka yi a birnin Naples na Italiya, aka buga shi a 2004, ya raba maza 110 masu ƙiba da raunin mazakuta gida biyu, kuma bayan shekara 2 kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka sa su rage abinci su riƙa motsa jiki sun dawo daidai ba tare da ƙwaya ba.

A wurin matasan Nijeriya da maƙwabtanta akwai wani dalilin da littattafan Turai ba su cika ba shi fili ba, wato tiramol da kodin. Binciken shan ƙwayoyi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya, a rahotonsa na 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu irin waɗannan masu kashe zafin ciwo suka sha ba bisa umarnin likita ba, sannan a 2018 ɗin ce gwamnati ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wasu samari da ma magidanta sukan fara shan tiramol ne don jinkirta inzali, kuma da farko yakan yi musu abin da suke so, sai dai dangin waɗannan ƙwayoyi suna danne saƙon da ƙwaƙwalwa take aika wa maraina don su samar da sinadarin maza, saboda haka bayan watanni sha'awa ta dushe, miƙewa ta yi rauni, mai shan kuma ya ƙara yawan abin da yake haɗiya yana zaton ƙarancinsa ne ya jawo.

Sinadarin mazan da ake magana, wato testosteron, wanda maraina suke samarwa, shi ne yake riƙe da sha'awa da gemu da ƙarfin tsoka, kuma yakan ragu da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara daga tsakiyar rayuwa. Duk da sunan da ya yi, ƙarancinsa shi ne tushen raunin a wurin tsiraru kawai, kuma alamarsa ta farko mutuwar sha'awa ce da kasala. Yin allurarsa ba tare da awo ba ganganci ne, domin takan sa maraina su daina ƙera ƙwayoyin haihuwa.

Dalilan da suka shafi jijiyoyin saƙo sun fi fitowa fili, tunda mai su yakan san ranar da abin ya fara. Haɗarin mota ko na babur da ya taɓa laka, ko ya karya ƙashin ƙugu ya yaga hanyar fitsari, yana iya yanke saƙon baki ɗaya, haka ma shanyewar ɓarin jiki da cutar makyarkyata ta Parkinson. Tiyatar cire furostet saboda ciwon daji ta daɗe tana barin kusan duk wanda aka yi wa ba shi da miƙewa, har sai da Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya fara yin ta a 1982 ta hanyar da take kauce wa jijiyoyin nan da ke gefensa, ko da yake har yau ba kowa ne yake tsira ba. Ciwon ƙoda mai tsanani, musamman a wurin waɗanda ake yi wa wankin ƙoda, shi ma yana cikin jerin dalilan raunin, haka nan tabon da yake fitowa a jikin fatar nan mai tauri ya lanƙwasa azzakari, larurar da take ɗauke da sunan likitan Faransa Peyronie, wanda ya bayyana ta a 1743.

Cutar sikila tana buƙatar a tsaya a kanta, saboda Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, da jarirai kimanin 150,000 da ake haifa da ita a kowace shekara. Yara maza da samari masu sikila sukan gamu da wata miƙewa mai zafi wadda ba sha'awa ce ta kawo ta ba, galibi cikin dare ko da asuba, inda lanƙwasassun ƙwayoyin jini suke toshe hanyar fita, jinin ya maƙale a ciki ba iskar da za ta raya naman. Idan ta wuce awa 4 ta zama larurar gaggawa da ke buƙatar asibiti a zuƙe jinin, in kuwa ta kwana ta yini, tsokar takan mutu ta koma tabo, kuma a mafi yawan lokuta ba ta sake miƙewa har abada. Yaro ɗan shekara 15 da zai kwanta ruf da ciki yana juyi, ya ce wa mahaifiyarsa mara ce take masa ciwo don ba zai iya furta gaskiyar ba, yana iya rasa mazakutarsa a kan kunyar kwana biyu, saboda haka nauyin yana kan uba ko yayan da zai gaya masa tun kafin abin ya faru cewa wannan ciwo ne kamar ciwon ƙashi, kuma a faɗa da wuri.

Duk wannan bai kore rawar da zuciya take takawa ba, kuma a wurin matasa masu lafiya ita ce kan gaba. Tsoro yakan sa jiki ya saki adirenalin, sinadarin da ke shirya mutum gudu ko faɗa, kuma ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne ɗaure tsokar nan da ake so ta saki. Ango da ya kwashe mako yana zirga-zirgar biki ba barci, ga bashin lefe a wuyansa, ga abokai sun cika masa kunne da labaran bajinta, ga sanin cewa gobe za a yi wa amarya tambaya, yana da duk abin da ake buƙata don ya kasa a daren farko, kuma kasawar farko ita take haifar da ta biyu, domin a dare na gaba yakan shiga ɗaki yana sa ido a kan jikinsa maimakon matarsa. Ciwon damuwa, da karyewar jari, da rashin aiki, da rigimar da aka kwana da ita ba a sasanta ba, duk suna bin wannan hanya. Alamar da take bambanta wannan nau'i ita ce yakan zo ne farat ɗaya, yana zuwa yana tafiya, kuma miƙewar asuba tana nan daram, saɓanin na jijiyoyin jini wanda yake shigowa a hankali cikin watanni ko shekaru, ya tafi da ta asuban ma.

A gidan mai mata fiye da ɗaya wannan nau'i yakan ɗauki wata siffa mai haɗari, inda maigida yake lafiya lau a ɗaki ɗaya amma ya kasa a ɗayan, kuma kafin gari ya waye an yanke hukuncin cewa sammu ne, an ma san wadda ta yi shi. A ilimin likitanci irin wannan bambanci shaida ce cewa jijiyoyi da jini suna aiki, kuma abin da ya bambanta ɗakunan shi ne halin da zuciyar mijin take ciki a kowane, ko fargabar burge amarya mai ƙuruciya, ko wani ɓacin rai da ya daɗe yana ci a ɗakin uwargida. Sau da yawa ma dalilan biyu ne suke haɗuwa, mutum ɗan shekara 55 da jijiyoyinsa suka fara ƙuntata yana iya wadatar da matar da ya saba da ita cikin natsuwa, amma ɗan ƙarin tsoro a ɗakin sabuwa ya isa ya kayar da shi. Matar da aka ɗora wa laifi a irin wannan hali takan biya da mutuncinta, wani lokaci da igiyar aurenta, a kan abin da awon suga da na hawan jini za su iya warwarewa.

Sauran dalilai biyu da suka fi kowanne suna a bakin jama'a su ne basir da sanyi. Duk wanda ya tsaya a babbar tasha ya ga mai magani da tsohuwar motarsa, lasifika a ɗaure a samanta, an shimfiɗa ƙulle-ƙullen gari da jarkokin tsimi a kan but, yana lissafa alamomi ɗaya bayan ɗaya, ciwon baya, kumburin ciki, kasala, yawan tusa, har sai kowane namiji da ke wurin ya ji an ambaci tasa, sannan ya rufe da cewa duk basir ne, kuma shi ne yake kwantar da gaba. Basir a likitance kumburin jijiyoyin jini ne a bakin dubura, ba shi ne yake kai jini azzakari ba, kuma ba ya cikin dalilan da aka tabbatar suna hana miƙewa. Abin da ya ba maganar ƙarfi shi ne larurorin biyu sukan sami mutum ɗaya a shekaru ɗaya, mai ƙiba, mai yawan zama, mai ƙarancin ganye a abincinsa. Sanyi kuma suna ne da aka tara cututtuka da yawa a ƙarƙashinsa, daga waɗanda ake ɗauka ta saduwa zuwa na hanyar fitsari da kumburin furostet, kuma gaskiya ne suna iya jawo zafi, da toshewar hanyar fitsari, da rashin haihuwa, har zafin ya sa namiji ya riƙa gudun shimfiɗa, amma maganinsu sai an yi awo an san ƙwayar cutar, kuma ba su ne suke bayyana raunin da ya shigo wa dattijo a hankali ba.

Idan wani daga cikin haɗe-haɗen masu tallar magani ya yi aiki nan take, akwai dalilin yin zargi, domin hukumomi a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil ko tadalafil, wato sinadaran da ke cikin Viagra da Cialis, a ɓoye cikin kayan da aka rubuta musu cewa tsantsar ganye ne, kuma a 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni da ke sayar da zuma mai ɗauke da su, kamar yadda hukumar NAFDAC ta Nijeriya ita ma ta sha jan kunnen jama'a game da magungunan ƙarfin maza marasa rajista. Aikin waɗannan sinadarai shi ne toshe PDE5 don cGMP ya daɗe, saboda haka ba sa haifar da sha'awa, ba sa kuma gyara jijiyar da ta lalace. A hannun likita magunguna ne masu amfani, amma wanda yake shan maganin ciwon ƙirji na dangin naitiret, irin su isosorbide ko wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa su jininsa yana iya faɗuwa warwas har ya rasa ransa, kuma mai shan tsimi bai san me ya sha ba balle ya san nawa ya sha.

Gano dalili a asibiti ba ya buƙatar manyan na'urori a mafi yawan lokuta. Likita yakan fara da tambaya, ko abin farat ɗaya ya zo ko a hankali, ko miƙewar asuba tana nan, ko sha'awar ma ta tafi, ko a kowane hali yake faruwa, sannan ya nemi ganin dukkan magungunan da mutum yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, shi ya sa ya fi kyau a zuba su a leda a tafi da su. Daga nan sai awon hawan jini, da faɗin ƙugu, da duba gaba da maraina, da awon suga kafin a karya kumallo ko awon HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3 da suka wuce, da awon kitsen jini da na ƙoda. Testosteron da safe ake ɗibar jininsa, kafin ƙarfe 11, saboda a lokacin ya fi yawa, kuma ba a yanke hukunci a kan awo ɗaya sai an maimaita. Kafin a rubuta ƙwaya kuma akan tambayi mutum ko yana iya hawa bene hawa biyu da sauri ba tare da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ba, domin nauyin da saduwa take ɗora wa zuciya kusan daidai yake da wannan, kuma wanda ya kasa akan tura shi wurin likitan zuciya tukuna.